Mazurari a bakin bindiga: lamarin wani malamin harbi a Yamai

Mutumin da wannan rubutu ya shafa malamin harbi ne a ɗaya daga cikin rundunonin ƙasa masu kaki. Ɗan Adar ne, mazaunin Yamai, shekarunsa sun ɗan haura hamsin, kuma fiye da rabinsu a filin horo ya yi su, yana koya wa sababbin ɗauka yadda ake riƙe kalash da yadda ake ja mata kunama. Ba zan faɗi sunansa ko rundunarsa ba. Aminin mahaifina ne, ya san aikina gwajin ji ne, shi ya sa ya biyo ta gida maimakon ya bi layin asibiti.

Ba ma don a duba shi ya zo ba. Hoton wani ƙarfe ya kawo a waya, mai kamar ɗan mazurari, wanda ake ɗaurawa a bakin bindiga. Masu tallarsa a intanet sun ce yana tattara ƙara da hucin harbi ya tura su gaba, nesa da fuskar mai harbi. Tambayarsa ɗaya ce: in aka sa wa bindigogin horo irin wannan, kunnensa da na yaransa zai huta? Wani abokinsa har ya ba shi shawarar ya kai hoton kasuwar Katako, ai babu ƙarfen da maƙeran can ba za su fitar ba.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ko kuma kaɗan ƙwarai. Amma hanyar da muka bi kafin mu kai ga wannan amsa ta fi amsar amfani, domin a kanta ne aka gano inda ɓarnar take shigowa, kuma ba a wurin da shi yake zato ba.

Abin da kunnen ya nuna

Ƙorafi biyu ne. Na farko shi ya faɗa da bakinsa: wani siririn kuka a kunne, tsiii, ba ya yankewa. Da rana hayaniyar gari tana rufe shi. In dare ya tsala, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai kukan ya cika masa kai har barci ya gagara. Na biyu kuwa uwargidansa ce ta tona: rediyo sai ya ƙure masa murya, jikoki in suna magana ya ce ciki-ciki suke yi, a fada wurin shayi kuma yakan yi dariya ne in ya ga mutane sun yi. Shi dai ya dage. "Ni ina ji sarai, ɗana. Yaran yanzu ne ba su buɗe baki."

Ba ƙarya ya yi ba, ta wani gefen. Raunin da ƙara ke yi wa kunne yana fara cin siraran sautuka ne, irin su s, sh, ts, f da c. Wasula da hawa da saukar murya suna ƙasa, suna shiga lafiya lau. Saboda haka mutum yana jin ana magana, yana jin karinta, sai dai baƙaƙen sun goge. A ɗaki shiru, mutum biyu, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin daga ma'anar zance da motsin leɓe. A wurin ɗaurin aure ko a kasuwa abin ya fi ƙarfinta.

Kafin a ɗora wa bindiga laifi sai an kawar da wasu abubuwa, kuma a ƙasarmu suna da yawa. Dauɗar kunne kaɗai tana iya toshe ji. Kinin, wanda har yanzu ake ba masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana sa kukan kunne, ko da yake galibi yakan wuce in an daina sha. Allurai irin su gentamicin da streptomycin suna iya kashe ji gaba ɗaya. Sanƙarau ya bar mutane da yawa da kurumta a Nijar. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga tsufa. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya dace da shi. Likitan kunne ya leƙa, ramin kunne fes, dodon kunne lafiya a ɓangarorin biyu.

Sai gwajin ji. Ana sa mutum a ɗakin da babu hayaniya, a ɗora masa abin sauraro a kai, a riƙa sako masa sauti daga mai kauri zuwa mai siriri, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji. Layinsa ya tafi daidai har zuwa sauti mai girgiza 2000 a sakan, ya fara gangara a 3000, ya faɗa rami mai zurfi a 4000, sannan ya ɗan taso a 8000. Wannan rami da tasowar da ke bayansa su ne tambarin ƙara. Raunin tsufa gangara yake yi kawai, ba ya tasowa.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Wanda ke ɗora bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ya fi lalacewa, domin in ya kwantar da kunci a gindin bindiga, kunnen dama yana fakewa a bayan kai da kafaɗa, na hagu kuwa yana fuskantar bakin bindiga. Masu wannan aiki sun san haka, kusan da ganin takarda za ka faɗi hannun da mutum yake harbi da shi. Amma shi ramin nasa a kunnuwa biyu yake, na dama ma bai kasa na hagu da komai ba. Da na tambaye shi inda yake tsayawa in yana koyarwa, sai zancen ya warware. Kalash tana watso kwanson harsashi ta dama da ƙarfi, don haka ta hagun ɗalibi yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa, yana kallon gaba. Bakin bindigar ɗalibin yana damansa ke nan. Hagu ya biya kuɗin harbin da ya yi da hannunsa, dama ya biya na dubban harsasan da wasu suka harba yana tsaye a gefensu. Ɗalibi yakan harba nasa rabon ya koma inuwa. Malami yana nan daga rukunin farko har na ƙarshe.

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai naɗin katantanwa, cikinsa ƙwayoyi ne masu siraran gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ke mai da girgizar sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Wadda ta mutu ba ta sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Abin da ke yaudarar masu harbi shi ne bayan an tashi daga fili kunne yakan yi dum, kamar an cusa auduga, zuwa washegari ya sake, sai a ce ya warke. Wasu ƙwayoyin sun farfaɗo, wasu sun tafi ke nan. Akwai kuma wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne da ke ɗaurewa in an yi ƙara, amma kafin ta motsa harbi ya riga ya shiga ya wuce. Maganar "kunnena ya saba" da tsofaffin sojoji ke yi, a gaskiya ji ne ya ragu.

Nauyin ƙarar

Ana auna sauti da desibel, kuma lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aikaci zai iya jure 85 na awa 8, daga nan a fara ɓarna. Duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin, duk ƙarin 10 ninki goma. Ga ƙarar da ke zuwa farat ɗaya, irin ta harbi, iyakar da hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka da dokar Tarayyar Turai ta 2003 suka sa ita ce 140. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yara 120. Bindigar yaƙi irin kalash tana kai wa kusan 160, wasu ma su wuce. Tazarar 20 ɗin nan da ke tsakani, a ido kaɗan ce, amma ninki ɗari ne. Harbi ɗaya ba tare da kariya ba yana iya barin tabo na har abada.

Ƙarar harbi kuma ba daga wuri ɗaya take fitowa ba. Mafi girma ita ce ta iskar albarushi. Albarushi yana ƙonewa a bayan harsashi, ya zama iska mai tsananin zafi da matsi, ita ke tura harsashin cikin bututu. Da harsashi ya fita sai ta ɓalle a bayansa lokaci guda, ta daki iskar waje. Ta biyu ita ce tsawar harsashin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, a zafin Yamai na watan Afrilu ya ɗan ɗara haka, harsashin kalash kuwa yana fita da gudun wajen mita 715 a sakan, ninki biyu ke nan, don haka yana tafe yana tsaga iska da wani kas mai kaifi. Ta uku ƙarar ƙarafan bindigar ce in suna ja da baya suna komawa, ita ba ta kai waɗancan ba. Duk wani abu da za a ɗaura a bakin bindiga, da ta farko kaɗai yake iya ma'amala. Tsawon bututu ma yana da tasiri: gajeren bututu ya fi ƙara, domin iskar tana fita tun matsinta bai sauka ba, kuma bakin ya fi kusa da kunne.

Ƙarafan bakin bindiga ba iri ɗaya ba ne

A nan ne malamin ya rikice, kuma ba laifinsa ba ne, domin a hoto duk sun yi kama. Akwai mai ɓoye walƙiya, wanda ke da tsage-tsage a jikinsa, irin na bindigar M16. Aikinsa ya warwatsa iskar don kada wuta ta tashi ta kashe wa mai harbi ido da dare ko ta nuna inda yake. Bai shafi ƙara ba sosai.

Akwai birkin baki. Shi yana da tagogi a gefe, yana karkatar da iskar hagu da dama, wani lokaci har ta ɗan koma baya, don a rage dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa da ɗagawar da bakinta ke yi. AK-74, wadda Tarayyar Sobiyat ta fito da ita a 1974, ta yi suna da irin wannan birki, kuma ta yi suna da azabtar da na kusa da ita. Kafaɗa tana samun sauƙi, kunne ya biya. Ƙarar da ke isa ga mai harbi tana ƙaruwa da desibel da dama, wanda ke tsaye a gefe kuwa iskar ma tana marinsa a fuska, ta tayar masa da ƙura. Ɗan yankan nan na karkace da ake gani a bakin AKM, samfurin kalash na 1959, ɗan'uwan birki ne mai sauƙi: yana tura iska sama da dama don bakin kada ya hau.

Sai mazurarin da ya kawo a waya. Shi kishiyar birki ne. Ba shi da taga a gefe, duk iskar gaba yake tura ta. Wani irinsa garkuwa ce kawai da ake zurawa a kan birki don ta tare abin da zai fita gefe. Kuma gaskiya yana yin abin da aka ce: mai harbi yana jin bugun da ke dakan ƙirji da fuska ya ragu, na gefe ya daina shan mari, in ana kwance ƙura ba ta tashi kamar da. Abin da ba ya yi shi ne rage ƙarar kanta. Na ce masa, "Baba, indararo ne. Ba ya rage ruwan sama, yana dai zaɓar inda zai zuba." Abin da yake ragewa a kunnen mai harbi 'yan desibel ne, kuma in ka cire 'yan desibel daga 160 har yanzu kana can sama da 140. Haɗarinsa ma a nan yake. Tunda jiki ya ji sauƙi, mutum sai ya ɗauka kunne ma ya tsira, ya yar da abin toshe kunnen. Kuma da yake ƙarar gaba aka tura ta, in akwai bango ko rufi a gaba, za ta dawo.

Na ƙarshe shi ne salansa, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake rage ƙara da gaske. Gwangwani ne mai ɗakuna a ciki, iskar tana shiga ta baje, ta huce, ta fita a hankali maimakon ta ɓalle gaba ɗaya. Ba'amurke Hiram Percy Maxim, ɗan wanda ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim, shi ya yi rajistarsa a 1909, kuma da dabarar nan ya yi aiki a kan salansar injina. Yana rage tsakanin desibel 20 zuwa 35. Fina-finai sun sa mutane na zaton bindiga mai salansa tana yin fit kawai kamar tsaki. Bindigar yaƙi mai salansa tana nan a 130 zuwa 140, ga tsawar harsashi da babu abin da ya taɓa ta. Duk unguwa za ta ji. Bambancin shi ne an sauko daga abin da ke kashe kunne nan take zuwa abin da matoshin kunne zai iya ƙarasawa.

Ƙasashe sun sha bamban a kansa. Amurka ta sa shi ƙarƙashin doka mai tsanani a 1934, da rajista da harajin dala 200, kuɗi mai yawa a wancan zamani. A Finlan da Norwe da Birtaniya maharba suna amfani da shi a matsayin kayan kare lafiya. Faransa ta halatta farauta da shi a 2018. A 2011 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta auna ƙara a wani filin horon harbi a Kalifoniya, ta ce salansa ne kaɗai abin da zai iya rage ƙarar tun daga tushenta ga ɗalibai da malamai. A ƙarshen 2020 rundunar Marin ta Amurka ta fara raba wa dakarunta na ƙasa dubban salansa, kuma cikin dalilan da ta bayar har da kare ji da samun damar jin umarni a fagen fama. Ba su yi haka don tausayi kawai ba. Kukan kunne shi ne kan gaba a cikin lalurorin da ake biyan tsofaffin sojojinsu diyya a kai.

Salansa yana da nasa wahalhalun. Yana ƙara wa bindiga tsawo da nauyi a can baki, yana yin zafin da zai ƙona hannu bayan 'yan harbe-harbe, yana mayar da hayaƙi fuskar mai harbi a bindigogi masu aiki da iska kamar kalash, yana sauya inda harsashi ke sauka, sai an sake saiti. Ga tsada.

Zancen Katako kuwa, tun a zaune muka kashe shi, kuma shi da kansa ya fi ni sanin dalili. Bindigar ta hukuma ce, ba shi da ikon ƙara mata ko allura. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai da sa ido a kansu tun 1994, kuma a halin tsaron da ake ciki, duk maƙerin da aka samu yana ƙera wani ɓangare na bindigar yaƙi ya shiga uku, shi da wanda ya sa shi. Ban da doka ma, ramin irin wannan ƙarfe dole ya yi daidai da ramin bututu ba karkata ko kaɗan. In ya kauce, harsashi ya dake shi, ɓaraguzan fuskar ɗalibi za su nufa. Ina girmama hannun maƙeranmu, amma wannan ba tukunya ba ce.

Filin da kansa

Da ya zana mini filin a takarda, sai na ga abin da ya fi mazurari muhimmanci yana bisa kansu. Saboda rana, an yi wa layin harbi rumfar kwano, doguwa, mai ƙasa-ƙasa, da daɓen siminti, da guntun bango a baya. Masu harbi suna kwanciya can ciki don su sami inuwa sosai, bakin bindiga bai fita daga ƙarƙashin rufin ba. Kowane harbi yana dukan kwano ya dawo, ya daki siminti ya taso, ya daki bango ya komo. Kunne yana shan duka ɗaya sau da yawa. Da an sa mazurari a wannan rumfa, kwanon da ke gaba da bakin bindiga zai dawo da rabon da aka tura.

Ɗalibai suna jere kusa da juna, kamu ɗaya tsakani, don rumfar ta ɗauki rukuni gaba ɗaya. Akwai kuma 'yan bindigogi masu gajeren bututu da birki a baki da aka kawo daga baya, ana raba su a tsakiyar layi yadda ta kama. Abin toshe kunne kuwa, wanda ya ga dama. Wasu auduga, wasu guntun soson sigari, wasu su cusa kwanson harsashi, abin da sojoji suka gada tun kaka da kakanni, wanda ba ya tare komai sai dai ya ƙuje ramin kunne. Auduga busasshiya ma abin da take tarewa bai taka kara ya karya ba. Shi malamin ba ya sa komai, don yana son ya ji in ɗalibi ya ce bindigarsa ta cije.

Abubuwan da aka yi babu mai tsada a ciki. An matso da layin gaba har bakin kowace bindiga ya fita daga ƙarƙashin rufi, jikin mai harbi kawai ke cikin inuwa. A ɓangaren da aka ƙara, zana aka shimfiɗa a sama maimakon kwano, don zana ba ta mayar da sauti kamar ƙarfe. An raba rukuni biyu, tazara ta ƙaru. Masu birkin baki an kai su ƙarshen layi, nesa da kowa. Waɗanda ke jiran layi an mayar da su baya can ƙarƙashin bishiya, maimakon su yi cirko-cirko a bayan masu harbi, tunda a fili duk ninka nisa yana rage desibel 6. Malamin kansa ya daina tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ya koma bayan ɗalibi, daidai ƙafafunsa, sai in gyara ya kama ya matso. Umarni kuma aka mayar da shi usur da tuta, ja da fara, yadda babu wanda zai ce ya cire matoshi don ya ji magana.

Matoshin soso, irin mai rawaya ko ruwan lemo da ake samu a shagunan kayan gini da wasu kantunan magani, shi ne ginshiƙin abin. In an sa shi daidai yana tare desibel 20 zuwa 30. Matsalar ita ce kusan kowa ba daidai yake sa shi ba, sai ka gan shi a maƙale a bakin kunne kamar ɗan kunne. Ana murza shi ne tsakanin yatsu har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a zura shi ciki, a danne da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In an kalli mutum ta gaba bai kamata a hango shi ba. Malamin ya mayar da wannan darasin farko, kafin a taɓa bindiga, yana bin layi yana duba kunne kamar yadda yake duba bututu. Ga mai wuni a fili kamarsa, matoshi kaɗai bai isa ba, sai an ɗora marufin kunne a sama. Haɗa biyun ba ya ninka kariya, yana ƙara kamar desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi, domin wani sautin ta ƙashin kai yake shiga. Amma 5 ɗin nan ya fi rabin ƙarfin da ya rage. Marufi yana da wuyar sha'ani a nan: in zafi ya haura 40 gumi yana taruwa a ciki, ƙafar tabarau tana buɗe masa kafa, gindin bindiga yana ture shi in an kwantar da kunci. Ga malami dai babu ta ukun, tunda ba shi ke harbin ba.

Abin da bai warware ba

Turjiya ta zo daga inda aka zata. Wasu daga cikin abokan aikinsa sun ce a daji babu wanda zai jira ka murza soso, gara yaro ya saba tun yanzu. Rabin maganar gaskiya ce: soja a fagen fama yana bukatar jin motsi da umarni, kuma matoshin soso yana toshe duka. Amma kunne ba ya sabawa, kuma mafi yawan harsasan da soja zai harba a rayuwarsa a filin horo ne, inda babu abokin gaba. Sojan da ya bar siraran sautukansa a fili, shi ne wanda ba zai ji karyewar kara a bayansa ba, ba zai bambance kalma a rediyon sadarwa ba. Wannan hujjar ce ta shige su, ba ta lafiya ba. Samari kuma suna da tasu: toshe kunne ragwanci ne. Malamin yakan bar su su gama, sannan ya juya musu baya ya ce wani ya yi magana a hankali, ya juyo ya ce bai ji komai ba. Ya ce wannan ya fi duk wani bayani aiki.

Ya rubuta takarda zuwa sama yana neman abu uku: marufin kunne mai lantarki ga malamai, irin wanda ke shigo da magana ya datse ƙarar harbi, gwajin ji ga kowane sabon ɗauka kafin ya fara harbi, don a sami abin kwatantawa daga baya, da kuma a duba yiwuwar salansa a kan bindigogin horo kaɗai, a ƙarƙashin ma'ajiyar makamai, da lamba da rajista kamar bindigar kanta. A ganina na biyun ya fi sauran muhimmanci kuma ya fi araha, na ukun kuwa zai daɗe, don hukuma tana da dalilin yin ɗari-ɗari da abin da in ya ɓace zai faɗa hannun da bai kamata ba. Mazurarin bai shiga takardar ba, ko da yake na gaya masa garkuwar da ake zurawa a kan birki tana da amfani ga waɗancan gajerun bindigogi, in masana'anta ce ta ƙera, in kuma kowa ya fahimci fuska take karewa, ba kunne ba.

Shi kansa, abin da ya tafi ya tafi. Kukan kunne ba shi da maganin da ke kashe shi. Na hana shi ɗiga mai ko ruwan ganye da ake ba shi, domin ciwon ba a ramin kunne yake ba. Da dare yana barin ɗan rediyo mai batir a kunne can ƙasa-ƙasa, sautin yana rufe kukan har barci ya ɗauke shi. An nuna wa iyalinsa su riƙa fuskantarsa in za su yi magana, su rage sauri maimakon ɗaga murya, don ihu wasula yake ƙarawa, baƙaƙen da ya rasa ba ya dawo da su. Na'urar ƙara ji za ta taimaka masa, kunnuwa biyu, amma kuɗinta ya fi ƙarfin albashinsa a yanzu, kuma yana tsoron in ya sa ta a wurin aiki za a ce ya tsufa a ɗauke shi daga fili. An ajiye takardar gwajinsa, za a sake wani bayan shekara a ɗora a kanta a ga ko ramin ya tsaya inda yake.